Gilashin da Yaya Garba yake ɗumamawa a ƙirji

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba mai walda na Ƙanƙara. Cikin sanyi ya rasu, kuma tare da sanyi tunaninsa yake zo mini. Ba sai na duba kalanda ba. Duk safiyar da na kifa hular walda a fuska na ga gilashin ya yi gumi, na san lokacinsa ya zagayo.

Bari in yi wa wanda ba ɗan sana'a ba bayani. Hular walda tana da ɗan baƙin gilashi a saitin ido, wanda ake zarewa a mayar. Shi ne tsakaninka da hasken wutar walda, hasken da ke ƙona ido ba tare da ka ji zafi a lokacin ba. To in gari ya yi sanyi, gilashin kan kwana ya yi sanyi ƙalau, kai kuma kana numfashi a cikin hular. Hucinka na taɓa shi sai ya yi gumi, ka daina ganin ƙarfen da kake haɗawa. A nan ne kowane mai walda yake yin abin da ya san bai kamata ba: ya ɗan ɗaga hular ya leƙa, ya ce ai sau ɗaya ne.

Yaya bai yarda da wannan "sau ɗaya" ba. Da sanyi ya shigo, in mun tashi daga aiki da yamma sai ya zare gilashinsa, ya lakaci sabulun salo kaɗan da ɗan yatsa ya shafa a gefen da ke kallon fuska, ya bari ya sha iska, sannan ya goge da busasshen ƙyalle har ya yi tas. Da asuba kuma ya sa shi a aljihun 'yar shara, can ciki a jikin ƙirjinsa, ya tafi masallaci da shi. Kafin mu buɗe shago gilashin ya ɗauki ɗumin jikinsa, huci ba ya kama shi. Mutanen unguwa suka lura da yadda yake yawan dafa ƙirji, suka ce Malam Garba laya yake ɗauke da ita. Ni na fi kowa yi masa tsiya. Nakan ce mutane na goyon 'ya'ya, shi yana goyon gilashi. Shi kuwa sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da gogewa a hankali kamar ba mai jiransa.

Ni kuwa a lokacin mutum ne mai hanzari, kuma ina alfahari da hakan. Na girma a hannunsa bayan rasuwar mahaifinmu, a wurinsa na koyi sana'ar, amma ina ganin na fi shi zafin nama. A shekarun nan mukan ɗora inji a bayan akori-kura mu bi kasuwanni, yau 'Yankara, gobe Sabuwa, wani lokaci mu ratsa ta Faskari mu gyara garmar shanu a ƙofar gidan mai ita. Duk inda muka sauka ni ake fara nema, domin ni ba na sa mutum jira.

Wata ranar kasuwar 'Yankara, ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, ba yaro ba ne balle in ce ƙuruciya, wani dattijo daga Daudawa ya zo mana hankali tashe. Ƙarfen da ke riƙe tayoyin amalankensa ya karye a bakin gari, ga auduga a kai, ga masu saye suna shirin tashi. Sanyin ranar har cikin ƙashi. Yaya yana ƙarƙashin wata tirelar tarakta da hularsa, ni kuma na fizgo tawa daga akwatin kayan aiki inda ta kwana. Na naɗe baki da hanci da rawani kamar yadda duk ɗan ƙasarmu ke yi in ɗari ya tsananta, na kifa hula a kai.

Ya leƙo daga ƙarƙashin tirelar ya ce, "Hamisu, sauke rawanin ga daga hanci. Ka toshe ma hucinka hanya, ba inda za shi bi sai sama wajen gilashi. Jira in gama ka amshi tawa."

Na ce, "Yaya, bawan Allah na jira."

"Shi amalanke ya karye mai. Kai mi kake son ya karye maka?"

Ban saurare shi ba. Ina haɗa wuta gilashi ya rufe fari fat. Na goge da babban yatsa, ya sake rufewa. Sai na ɗaga hula na leƙa, na sake ɗagawa, daga baya ma na tura ta can ƙeya na ƙarasa aikin ina ɗan kau da kai. Dattijon ya yi ta sa mini albarka, amalanke ya shiga kasuwa, ni kuma na dubi Yaya ina jiran yabo. Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa a ƙarƙashin tirela.

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Kafin magariba idanuna suka fara yi mini kamar an zuba yashi a ciki. Hawaye ba tsayawa, haske ko na ashana ba na iya kallo. Kwana biyu na yi a ɗaki da ƙyalle a ido, matata na yi mini jagora zuwa bayan gida. Na zaci Yaya zai zo ya yi mini faɗa, har na shirya amsar da zan ba shi. Da ya zo sai ya zauna a bakin gado, ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matarsa Hajiya Lami.

Ya ce, "Shekara ukku ke nan ban iya karanta Alƙur'anina. Ina buɗe shi dai don kar a gane, abin da na haddace nike biyawa. Lokacin da muka koyi sana'ar ga, jarumta ce mutum ya yi walda da ido tsirara, ba wanda ya ce muna bari. Nawa idanun sun tahi, ba dawowa za su yi ba. Naka nike ma tsoro."

Ban ga fuskarsa ba don idona a ɗaure yake, muryarsa kawai na ji. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Shekara da shekaru ina yi wa mutum dariya kan sabulu da gilashi, ashe ɗan abin da ya rage masa yake tattalawa, kuma ni da nake aiki kafaɗa da kafaɗa da shi ban lura ba.

Ni ba likita ba ne. Da muka kai shi asibiti daga baya, an ce akwai yanar ido, akwai shekaru, akwai kuma abin da wutar walda ta bari. An yi abin da za a iya, ganin ya ɗan dawo, sannan ya ci gaba da ja baya. Cikin shekara shida ya ajiye sandar walda gaba ɗaya. Amma bai bar shago ba. Kullum da yamma sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi gilashina. Shi zai kai gida ya shafa masa sabulu da lalube, shi zai tafi da shi masallaci, shi zai miƙo mini da safe da ɗuminsa. Na sha ce masa ni ma ai ina da ƙirji. Sai ya ce ƙirji kam ina da shi, amana da idona ce ba ni da ita. Haka muka yi sanyi tara.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo ya ga yadda sana'ar ta koma. Abu na farko da zai tambaya shi ne ina garma, ina amalanke. Yanzu rabin aikinmu ƙofofin ƙarfe ne da sandunan taga, kowa so yake a ƙara masa kauri. Kasuwannin da muke bi muna raha a bayan mota, yanzu sai mutum ya yi tambaya kafin ya kama hanya, wani lokaci ma ya haƙura. Abokan cinikinmu na 'Yargoje da yawa sun dawo cikin gari. Na san wannan zai yi masa ciwo, domin shi mutum ne mai son ya ga ƙarfen da ya haɗa yana tsaga ƙasa.

Sai kuma hulunan zamani, masu yin duhu da kansu da zarar wuta ta tashi. Surukina ya kawo mini ɗaya daga Kano, na yi ta murna ina cewa da Yaya na nan da ya ga ikon Allah. Safiyar sanyi ta farko da na sa ta, ta yi gumi kamar kowace hula. Na zauna na yi dariya ni kaɗai, na aika gida a kawo mini sabulun salo. An ce akwai wani ruwa da ake fesawa a birni, ban musa ba, amma ban ga abin da zai yi wanda sabulun bai yi ba. Abin da ya fi damuna shi ne har yau ina ratsa layin masu walda in ga magidanta da rawani har hanci, hula a ƙeya, wasu da tabarau na gayu, suna walda suna kau da kai. In na yi magana sai su ce, "Baba, ai sau ɗaya ne." Nakan ji kamar muryata ce ake mayar mini.

Ranar da ya rasu, ya dawo daga sallar asuba ya ce da Hajiya Lami ƙirjinsa na yi masa nauyi, bari ya ɗan kishingiɗa kafin ya fita shago. Ko da aka kira ni na iso, rai ya yi halinsa. Ina durƙushe a tsakar gida ta fito ta sa mini wani abu a tafin hannu, ta ce, "Ga ajiyarka, a aljihunshi na same ta." Gilashina ne, a goge tas. Bai gama hucewa ba.

Yaya bai bar gidan bene ba, bai bar mota ba. Garmunan da ya haɗa tsatsa ta ci wasu, wasu an sayar wa 'yan gwangwan. Sunansa ma a layin masu walda sai tsofaffi irina. In na auna abin da ya rage nasa a duniya, ina ganin yana nan a fuskata. Shekarata sittin da huɗu, arba'in da ɗoriya a cikinsu ina kallon wutar walda, kuma da hannuna na rubuta wannan ba tare da tabarau ba. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka kabarinsa.

Gilashin nan yanzu a aljihun 'yar sharata yake kwana, ni ma an fara cewa ina da laya. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci nakan je gidansa, Hajiya Lami ta ɗauko Alƙur'aninsa, in zauna a bakin ƙofa in karanta mata. Ƙananan rubutun nan da suka gagare shi ina ganinsu tar, har wasullan.