Idan ɗin da Baba ya zaɓa

Shekarar da soja suka miƙa mulki, kowa a unguwarmu ta Kamazou da nasa burin. Nawa zuwa Malabo ne, wani birni a kan tsibiri can cikin teku. Ina aikin walda ƙarƙashin wani ɗan kwangila a Rido, sai labari ya zo cewa an samu man fetur a can Malabo, ana neman irinmu ido rufe, amma Sifaniyanci suke yi. Ni da ko Turancin kirki bai zauna mini a baki ba!

Ashe malamin da zai koya mini yana ɗakin da ke kallon nawa. Wani tsoho ne ɗan Binuwai, kowa Baba yake ce masa. Ya yi ƙuruciyarsa a gonakin koko na tsibirin nan, wanda shi yake kira Panya. Da yamma in na taso daga aiki sai mu hau benci, yana ɓarar gyaɗa yana zuba mini kalmomi. Ranar Lahadi kuwa sai na jira ya dawo daga coci.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne "idan". Mu guda ɗaya gare mu. Idan gari ya waye, idan na yi arziki, duk idan ne. Su kuwa biyu suke da shi. Abin da ka tabbata yana tafe, lokaci kawai kake jira, cuando ne. Abin da ko ya zo ko kada ya zo, si ne. Kullum sai na cakuɗa su. Ran nan na so in ce idan na je Malabo, na sa si, sai Baba ya buga benci.

"Haba ɗana! Ashe ba ka da niyyar tafiya? Cuando!"

Na ce, "Baba, ai komai sai Allah ya so."

Ya ce, "Mu ma mun san da haka. Amma kai ka fara so tukuna."

Sai rikicin addinin nan ya ɓarke, garin ya rabu biyu, kowa ya nemi inda nasa suke. Yayana ya turo mota a kwashe ni zuwa tsallaken gada. Baba ya fito da kansa ya kama mini katifa. Da na shiga mota ya leƙo ta taga ya ce, "Si vuelves," wato idan ka dawo, benci yana nan.

Wallahi daɗi ne ya kama ni. Yau na kama malam! Na ƙyalƙyale da dariya na ce, "Baba, kai ma? Cuando!" Murmushi kawai ya yi, ya dafa kafaɗata, mota ta tashi ina ta yi masa tsiya.

Gadar nan ba wani nisa gare ta ba, amma a lokacin ta fi Malabo nisa. Yau a ce a bari ƙura ta lafa, gobe a ce an sake taɓawa a wani wuri. Malabon ma ban je ba. Ranar da na tsallaka, wata mata na tarar tana tankaɗe a ƙofar ɗakinsa. Ta ce 'ya'yansa sun mayar da shi gida, can ya rasu.

Har yau abin yana cin raina. Mutumin nan bai taɓa cakuɗa kalmomin nan biyu ba, ya san wadda ya ɗauka. Sallama yake yi mini, ni kuma ina gyara masa nahawu.