Ranar da na wanke randar Mama

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da gama poli ba, boko na ta hayaƙi a kaina, na tafka wata ɓarna a gidanmu wadda har yau in na tuna sai na rufe fuska na yi dariya.

Mahaifiyata burkutu take dafawa a bayan Barnawa, da shi ta raine mu. Tana da na kullum, jan burkutu na dawa, wanda babu ruwansa da rani ko damina. In zafi ya tsananta wajen Ista sai ta ƙara da fito mai ruwa-ruwa, wanda ma'aikata ke jiƙa maƙoshi da shi in sun taso aiki. Amma abin da ya yi mata suna giyar acca ce. Sau ɗaya tak take yin ta a shekara. Bayan girbi kawuna zai aiko da buhun sabuwar acca daga ƙauye, ta haɗa da citta da ɗan zuma, saboda taron 'yan garinmu mazauna Kaduna da ake yi washegarin Kirsimeti. Gida ɗaya dattawa ke ba wa wannan aiki, kuma tun ina goye gidanmu ne.

A shekarar da nake ba ku labari aka yi wa Mama aikin ido, likita ya kafa mata doka kada ta kuskura ta kusanci hayaƙi. Wajen mako shida ba a hura murhunmu ba. Nan da nan muka ji dattawa sun fara shawarar miƙa aikin ga wata mai dafawa da ke Maraban Rido. Mama ba ta yi ƙorafi ba, sai dai abinci ya daina shiga, kuma ta fara cewa in aka karɓe aikin tattarawa za ta yi ta koma ƙauye, don ba za ta zauna a Kaduna ana nuna ta ana cewa da can ita ce ba. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Na je gaban shugaban dattawan, wanda duk muke kira Baba, na bugi ƙirji na ce a bar mana, ni zan dafa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tsaya a kan farcen da na ƙara, sannan ya ce to, Allah ya taimaka.

Mama na ɗaki da baƙin tabarau tana ba da umarni, ni ina tsakar gida ina aiwatarwa. Na jiƙa acca, na shimfiɗa ta yi tsiro, na shanya, na kai inji. Na dafa, na bar ta ta yi tsami, na sake dafawa, na tace. Farce dai tun ranar farko ya yi nasa wuri. Duk wannan na yi shi daidai. Inda na yi gyaran gangar Auzinawa shi ne wajen randa.

Akwai wata tsohuwar randa baƙa ƙirin da ake juye giya a ciki don ta tashi. Da na leƙa sai na ga wani busasshen ɓawo ya kama cikinta, ga wari mai tsami. Ni da na karanta tsaftar abinci, har da satifiket, yaya za a yi in zuba abin da mutane za su sha a wannan ƙazanta? Na samo soson waya da sabulu, na dirje ta tas, na ƙona ta da tafasasshen ruwa, na kife a rana. Har tausayin Mama na ji, na ce shekara da shekaru ba ta sami mai wayar mata da kai ba. Ana gobe Kirsimeti da safe na juye giyar a ciki na rufe.

Ranar Kirsimeti, muna shirin coci, Mama ta fito bakin ƙofa ta karkata kunne. Giya mai tashi tana da ɗan sautinta, tana tsiyi-tsiyi a ƙarƙashin murfi. Ta ce me ya sa randarta ta yi shiru? Na buɗe. Ko ɗigon kumfa babu. Na ɗanɗana, zaƙi zalla kamar kunun zaƙi. Ta tambaye ni abin da na yi tun daga farko, na lissafa mata, har na zo kan wankin randa ina faɗa da alfahari.

Ta lallaba ta zauna a kan turmi. "Iri kika wanke," in ji ta. "Wanda na taho da shi daga randar uwata."

Sai a lokacin na gane. Wannan ɓawon da na kira ƙazanta shi ne yis ɗin gidan, shi ke tada kowace sabuwar giya. Na san yis a littafi, na ci jarrabawa a kansa, amma da na gan shi ido da ido sai na sa masa sabulu. Ga shi mun yi makonni ba mu dafa ba, babu ko cokalin tsohon burkutu a gidan, acca kuwa buhu ɗaya ce kuma duk tana cikin randar. Na kawo shawarar yis ɗin burodi, Mama ta ce in ina so dattawa su sha fanke, bismillah.

Ta ce mutum ɗaya ce ke da irin nan a duk Kaduna, ita ce matar Maraban Rido, don a hannun Mama ta koyi sana'a. Wato wadda za a ba aikin in mun gaza. Na ce Mama, wa zai ba abokin takararsa makami? Ta ce in ɗauki galan in tafi, girman kai rawanin tsiya ne.

Haka na cire ankon Kirsimeti, mutane na tafiya coci ni ina cikin keke da galan. Na tarar da matar tana kwashe dusa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Anti, ga abin da ya faru. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta sa na maimaita wajen soson wayar sau biyu. Na haɗiye, don na ci a yi min. Da ta gama sai ta share hawaye, ta shiga ta ɗebo daga can ƙasan randarta, mai kauri, yana motsi.

"Ba a sayar da iri, ba a kuma hana shi," ta ce. "Na uwarki ne, ranar da na buɗe nawa ta zuba min. Amma ki sani gobe ina layin gaba da ƙwaryata. In bai yi ba, ni zan fara faɗa."

A hanyar dawowa galan ya riƙa kumbura, kowane rami sai na sassauta murfi ya yi tsaki. Mai keken, wani malam ɗan Tudun Wada, ya tambayi abin da ke ciki, na gaya masa gaskiya. Ya ce to Hajiya, ki rungume abinki da kyau, kada ko ɗigo ya taɓa masa kujera. Amma fa ya rage gudu har gida.

Saura yini ɗaya, ga sanyin Disamba, giya kuwa ba ta son sanyi. A nan ne bokon nawa ya ɗan fanshi kansa. Ban juye irin kai tsaye ba. Na ɗebi giya kaɗan na ɗumama, na haɗa ta da irin a ƙaramar tukunya har ya farka ya fara kumfa, sannan na juye a randa. Na kewaye gindinta da toka mai ɗumi, na naɗe ta da bargona da na Mama. Mama ta ce ba ta taɓa ganin an lulluɓe randa kamar mai jego ba, amma ba ta hana ni ba.

Washegari da safe muryarta ce ta tashe ni, tana cewa in fito in ji. Tun daga ƙofa na jiyo tsiyi-tsiyin. Kumfa ya ɗaga murfi yana gangarowa kan bargo, ƙamshin citta ya cika gidan. Na yi rawa a tsakar gida da zani ɗaya, ban damu da wanda ke kallo ba.

A wajen taro al'ada ce wadda ta dafa ita ke fara kurɓa kafin a miƙa wa babba. Aka ba Mama ƙwarya, sai ta laluba ta ɗora a hannuna, a gaban kowa. Na sha, na durƙusa na miƙa wa Baba. Ya kurɓa, ya juya a baki, ni kuwa kamar in nutse. Can ya ce, "Hannu ya canza, amma gidan bai canza ba." Anti ta Maraban Rido ta shanye tata, ta ce citta ta ɗan yi yawa, sannan ta miƙo ƙwarya a ƙara mata. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar da na karɓi sakamakon poli.

Mama ba ta koma ƙauye ba. A wajen taron ta cinye tuwo malmala biyu, ta kuma zauna tare da mu a Barnawa har ƙarshen ranta.

Abin da na koya shi ne in riƙa tambaya kafin in gyara abin da na tarar, don sau da yawa wanda ya bar shi haka ya fi ni sanin dalili. Yanzu ni ke riƙe da wurin. Jan burkutu kullum, fito in zafi ya zo, acca sau ɗaya a shekara, duk da hannuna nake dafawa. Amma har yau in Disamba ta kama, ba wanda ke tambayar giyata. Cewa suke yi, yaushe ta Mama za ta fito? Ni kuma ban taɓa gyara musu ba.