Ramin Bayan Tudu

Aikina sharar rairayi ne a filin golf, ƙetaren kogi, can gaba da unguwar Kirkissoye. Filinmu ba ciyawa. Kowane mai wasa yana yawo da guntun darduma kore, ya shimfiɗa, ya ɗora ƙwallo, ya buga. Gefen ramin da ƙwallon ke faɗawa kuwa rairayi ne da aka kwaɓa da baƙin mai. Ni nake jan rato a kai, wato manjagara, in goge sawun wanda ya wuce kafin wani ya iso.

Kowane mai shara da raminsa. Nawa ne na ƙarshen fili, bayan tudu. Sauran suna hango juna, suna ihu, suna tura wa juna shayi. Ni ko ƙarar moto ba na ji. Tun da matata ta rasu, ɗakina na unguwar Bukoki ma shiru ne. Sai in bar shiru in je shiru.

Wata shekara aka ce wanda ya zana filin zai zo gyara. Na sa rai zai matso da ramina kusa da mutane. Dattijo ne ɗan Dogondutsi, da malafa da sanda, ya daɗe a waje amma Hausarsa ba ta lalace ba. Ya iso wurina yana haki.

Na ce, "Mushe," yadda muke kiran manya da Faransanci, "in yi tambaya?"

"Yi, malam."

"Fili ga shi nan har ya yi yawa. Me ya sa ka jefo wannan rami bayan tudu, kamar mai laifi?"

Ya yi dariya, ya ce da gangan ne, kuma duk filin ba ramin da yake so kamarsa. Wai masu wasan nan kullum mutane na kansu, a biro wurin aiki, a gida, a waya. In sun hauro tudun, gari ya ɓace, ba mai ganinsu, daga su sai ƙwallo. Ya ce, "Na so mutum ya ji shi kaɗai ne a duniya."

Na ce, "To ka iya aiki, Mushe. Sai dai su, kafin shayi ya huce sun wuce. Ni nan nake wuni."

Ya cire malafa, ya dubi tudun, ya dube ni. Ya ce lokacin da yake zane bai sa mai shara a takarda ba.

"Za a matso da shi?"

"A'a, malam. In na matso da shi na kashe shi."

Bai yi mini ƙarya ba, wannan na yaba masa. Ya zauna a kan bidona, jarkar ruwana, muka sha shayi, ya tambayi garinmu da iyalina. Na daɗe ban yi magana mai tsawo haka ba.

Bayan tafiyarsa aka kafa mini rumfa da benci, wai shi ya ce. Bencin na mutum biyu ne. A gefe guda nake zama, rato a ɗaya gefen.