Gurbin Yaya Usaini

Wata Asabar ce a ƙarshen Janairun 1994, makonni kaɗan bayan an karya darajar kuɗinmu na sefa. Ina 'yar shekara tara, ina tsugune a tsakar gidanmu na unguwar Briqueterie ina wanke tandar wainar Inna, sai na ji keken surfanin da ke shagon ƙofar gida ya yi shiru tun da hantsi. Yayana Hassan ya gama babbar riga ta ƙarshe da ta rage a shagon, ya ninke ta, ya zare wayar keken daga soket, ya sa ta amfuli, wato akwatin da ke ɗaga muryar jita. Ya ja wani dogon sauti a kan tsirkiya kamar mai tambayar hanya. Kafin sautin ya mutu, jitar abokin tagwaicinsa, Yaya Usaini, ta amsa daga bakin ƙofa. Na tsaya da soso a hannu har kumfa ta bushe a yatsuna.

Soket ɗaya ne a shagon da babanmu ya rasu ya bar mana, saboda haka keke da jita ba sa magana lokaci guda. Da aka zaftare albashin ma'aikatan gwamnati suka daina kawo shadda, sai wutar ta koma hannun jita. Kiɗan kuwa daga wani tsohon kaset suka koye shi, wanda wani direban tirela ya manta a shagon, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da ake ce wa buluz. Ranar da Inna ta fara jin sa, ta tsaya da tsinken juya waina ta ce, "Waɗannan ai garaya suke kaɗawa, kuka ne kawai ya yi musu yawa." Sai yayuna suka ɗora masa baitocin Hausa, a kan ruwan saman da ke yoyo ta kwanonmu, da jar lakar da ke cinye silifas, da budurwar da ta koma Garwa ba sallama. Gambo, ƙanensu, shi ke buga ganga.

A gidanmu ba a ba ɗan biyu abu a hana ɗan'uwansa. Hula biyu ake saye, takalmi iri ɗaya, ko faɗa Inna za ta yi wa ɗaya sai ta haɗa da ɗayan. Da Hassan ya samo tsohuwar jita a kasuwar Mokolo, Inna ta rataye ta a ɗakinta, ba wanda ya taɓa ta har sai da aka samo ta biyu. Wataƙila shi ya sa kiɗansu ya fito a yadda ya fito: Hassan ya faɗi rabin magana ya tsaya, Usaini ya ƙarasa. Mu yara muna 'yar gala-gala a lungu, ko muna layin famfo da bokitai, ko muna haddar karatun Faransanci a gindin mangwaro, duk da wannan tambaya da amsa a kunnenmu. Masu tsire sukan matso da tukubarsu kusa da shagon. Dattawan masallaci suka yi ta gunaguni, amma da la'asar ta yi yayuna ke kashe amfuli su riga kowa zuwa sahu, sai gunagunin ya rasa madafa. Aka fara kiran su biki da suna a unguwannin Nkomkana da Madagascar, inda ladan kiɗan yakan zama kwanon shinkafa da godiya.

Da damina ta kankama, wani mai gidan rawa daga Douala ya ji su a wani biki, ya biyo su har gida. Mai jita ɗaya yake nema, kuma Usaini ya zaɓa. Inna ta amsa masa daga bayan labule: "Ko duka ukun, ko ka gaida mutanen Douala." Ya tafi, ya ce ƙofarsa a buɗe take. Daga nan tukunyarmu ta koma hawa murhu sau ɗaya a rana, wainar Inna tana kwana a kwano, kowa yana cewa ya ƙoshi don wani ya ci.

Hassan ne ya tayar da maganar, wata rana muna cin tuwo da rana.

"Usaini, ka tafi. Dama kai kake cinye rabin tuwon gidan nan."

"In na tafi wa zai amsa maka?"

"Ni na riga ka fitowa, ai na taɓa zama duniya ba kai."

Gambo ya yi dariya, shi kaɗai. Sai Inna ta ce, "Tun kuna ciki ban taɓa raba ku ba. Allah ya tsare hanya."

Muka raka Yaya Usaini tashar jirgin ƙasa. Abin da yake aikowa ya riƙe gidan, ya riƙe ni a makaranta. Hassan da Gambo suka ci gaba da kiɗa, sai dai Hassan bai taɓa cike gurbin ɗan'uwansa ba. Yakan faɗi rabin maganarsa ya ɗaga yatsunsa, ya jira daidai tsawon amsar da ya saba ji, sannan ya ci gaba. Samarin da suka zo koyon jita a wurinsa bayan nan, a haka suka tarar da kiɗan, a haka suka ɗauke shi.

Yanzu shagon ya zama wurin gyaran waya. Yaya Usaini ya yi aure a can, yakan zo da Sallah, su zauna da Hassan a tabarma ɗaya suna hirar 'ya'ya da ciwon baya, ba mai ambaton jita. Bara na je wani biki a Nkomkana, na ji wani saurayi da bai kai ashirin ba yana kiɗa, yana tsayawa a tsakiyar kowace magana, mutane suna kaɗa kai cikin shirun. Da ya sauka na tambaye shi me yake jira a wurin.

"Ba komai, Anti," ya ce. "Haka ake kiɗan unguwarmu."

Ban gyara masa ba. Ni kaɗai a rumfar nan na san muryar da ake jira.