Gurbi Uku a Kaset Ɗin Yohanna

Kaduna zuwa Birnin Gwari

Ban jira gari ya waye ba na fito daga gida a Rigasa, jaka ɗaya a kafaɗa. Matata ta raka ni bakin ƙofa tana hamma, ta ɗaga jakar ta ji nauyi, ta ce, "Mutane na guje wa hanyar Birnin Gwari, kai za ka bi ta da tarkacen wasan yara." Na ce ta yi mini addu'a kawai. Ta yi, amma fuskarta ba ta saki ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bashir, gyaran rediyo da talabijin nake yi. Cutata ɗaya ce: tara kaset-kaset na tsofaffin gem na ƙasar Japan, irin waɗanda ke faɗowa daga kayan gwanjo, da rubutunsu mai ƙugiya-ƙugiya wanda ba na iya karanta ko harafi ɗaya. Mu masu wannan cuta a Kaduna ba za mu cika sahu ɗaya a masallaci ba. 'Ya'yana sun gwada sau ɗaya suka ce hoton ya yi dishi-dishi, suka koma kan waya. Don haka ni kaɗai nake bugawa.

Na yi sallar asuba a tashar Mando, na sha shayi da burodi a tsaye, na samu gurbi a bayan wata tsohuwar mota mai cin mutum shida. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani. Da na yi ƙorafi direban ya ce, "Malam, ba kuɗin mai kake biya ba, kuɗin zuciyata ne." Na biya.

Abin da ya fito da ni waya ce daga Mama Saratu, mahaifiyar Yohanna. Ni da Yohanna tare muka tashi a wani ƙauye gefen Kusasu, inda iyayenmu maza ke koyarwa a firamare ɗaya. Su mutanen kudancin Kaduna ne, Kiristoci, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Mu muka dawo Kaduna, shi ya zauna ya kama noma. Daminar bara waccan 'yan bindiga suka tare shi a hanyar gona. A waya na yi ta'aziyya, don a lokacin ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya bi hanyar. Yanzu Mama ta ce za ta koma garinsu gaba ɗaya, kuma akwai wani kwali na Yohanna da ba ta san yadda za ta yi da shi ba. "In ba ka zo ba, gara za ta ci," in ji ta.

A shingen sojoji na Buruku aka sauke mu aka buɗe jakunkuna. Wani soja ya zaro na'urar gem ɗina, ja da fari, ya juya ta sama da ƙasa.

"Baba, wannan fa?"

"Gem ne."

"Na yaranka?"

"Nawa ne."

Ya dubi furfurata, ya dubi abokin aikinsa, suka yi dariya, ya mayar mini. Wannan ce dariya ta ƙarshe da na ji a hanyar.

Muna wuce Udawa direba ya kashe rediyo. Ba wanda ya ce ya kashe, ba kuma wanda ya tambayi dalili. Daji ya rufe mu hagu da dama, kwalta ta zama ramuka, kowa ya kama tasa addu'ar a ciki. Mun wuce ƙauyuka da rufinsu ya zube, mangwaro ya nuna ya zuba a ƙasa ba mai tsinta. Wannan ya fi komai taɓa ni, don na san yadda muke kokawa a kan mangwaro ɗaya a irin waɗannan garuruwa. Mun shiga Birnin Gwari da hantsi, sai a lokacin na ji mutumin da ke gefena ya saki numfashi.

Birnin Gwari zuwa ƙauye

Daga nan sai wata motar da ta bi hanyar Funtuwa, ta ajiye ni a wata mararraba, sai mashin. Mai mashin ɗin, wani dattijo Ɗanjuma, ya ce in rungume jakar a gaba, kada in ɗaga waya, in muka haɗu da kowa shi zai yi magana. Ba mu haɗu da kowa ba sai wata Bafulatana da ƙwaryar nono, muka tsaya na sha fura a gindin ɗorawa. Ta tambaye ni gidan wa za ni. Da na faɗa ta ce, "Ayya, Saratu ma za ta tafi."

A kan mashin ɗin nan na yi ta tunanin kaset guda ɗaya. Kawun Yohanna direban babbar mota ne, shi ya kawo musu na'urar gem irin tawa daga Ikko da kaset 'yan kaɗan, muka haɗa ta da talabijin ɗinsu mai baƙi da fari da ke aiki da batirin mota. A cikin kaset ɗin akwai wani mai doguwar tafiya: ka fita daga ƙauye da takobi, ka bi dazuzzuka da koguna. Ba mu jin abin da mutanen ciki ke cewa, sai muka riƙa sa musu magana da Hausa. Irin wannan kaset yana da ɗan batiri a ciki kamar maɓallin riga, shi ke riƙe inda ka tsaya, kuma gurbi uku ne kawai na ajiye wasa.

Gurbi na farko mun same shi a cike. Na wani yaro ne ɗan Japan, wanda ya rubuta sunansa da baƙin alƙalamin maka a bayan kaset ɗin. Muka sa masa suna Maigida, muka yi alkawarin ba za mu goge shi ba, tunda shi ya riga mu. Na biyu nawa, na uku na Yohanna. Da gem ya nemi suna, sai muka zaɓi haruffa da siffarsu. Ni na ɗauki wani mai kama da fartanya. Yohanna ya ɗauki mai ɗigo biyu da lanƙwasa, wai fuska ce tana murmushi.

Doka ɗaya kawun ya kafa mana, kuma duk mai tara irin waɗannan kaset ya san ta: ba a kashe na'ura kai tsaye. Sai ka danne maɓallin sake farawa, kana riƙe da shi, sannan ka kashe. In wuta ta yanke haka kawai, abin da ke ciki yana iya tafiya. Batirin kuwa ya daɗe da wuce shekarun da aka yi masa, amma na ga wasu da suka jure. Abin da nake son sani ke nan: ko har yanzu muna ciki.

Gidan Mama Saratu

Na isa bayan azahar. Makarantar da iyayenmu suka koyar tana nan, ba ƙofa ba taga. Gidanmu na dā ya zama gonar kuɓewa. Mama Saratu tana zaune a kan turmin da ta kife, kayanta a ƙulle kewaye da ita. Ta rame, amma muryar tana nan.

"Bashiru, kai ne ka tsufa haka?"

"Mama, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya. Zauna ka ci abinci kafin ka fara kuka."

Tuwon masara ne da miyar karkashi, irin wanda take zuba mana a kwano ɗaya ni da shi. Yau ni kaɗai ta zuba wa, kuma ta cika shi kamar na mutum biyu. Na ci abin da na iya.

Kwalin yana cikin tsohuwar garwa ta rufe da buhu. Na'urarsu ta mutu tuni, tsatsa ta cinye ta. Kaset ɗin kuwa yana naɗe a cikin safa, sunan Maigida bai goge ba. Na riƙe shi ina juya shi a hannu. Mama ta ce Yohanna yakan fito da shi lokaci-lokaci ya hura masa iska ya mayar, ko da ba abin da zai kunna shi da shi. Ya taɓa ce mata sunansa na ciki, da na Bashir.

"Da gaske ne, ko wasa yake mini?"

"Da gaske ne, Mama. In batirin bai mutu ba."

"Ina so in gani."

Na ce mata a ƙauyen ba wuta. Ta ce ai gobe za mu bi ta Birnin Gwari.

Na kwana a ɗakin Yohanna, takalmin gonarsa na roba yana bayan ƙofa. Da safe maƙwabta kaɗan da suka rage, Musulmi da Kirista, suka taya mu loda kaya a wata a-kori-kura. Ba a yi doguwar sallama ba. Mama ta kulle ƙofa, ta dubi makullin, ta miƙa wa liman.

Shagon caji, Birnin Gwari

Motar da za ta wuce da Mama kudu sai bayan la'asar za ta tashi. Kusa da tasha akwai shagon cajin waya, da ƙaramin janareto yana ta kuka a waje, da tsohuwar talabijin mai ƙeya a kan kanta. Na tsaya ina kallon janareton nan. Niyyata da na ɗauko na'urar ita ce in gwada a wuri mai tsayayyiyar wuta, in ba a samu ba in haƙura sai gida, inda nake da batiri na musamman saboda wannan. Da wani cikin abokan tarinmu ne ya ce zai kunna irin wannan kaset a kan janareton tasha, da na zage shi tas.

Amma Mama tana tsaye a bayana da jakar hannunta, kuma na san daga yau ba lalle mu sake haɗuwa ba.

"Akwai mai a ciki?" na tambayi mai shagon.

"Akwai, Alhaji. Ɗazu na zuba."

Na haɗa ƙaramar taransifomar da ke rage ƙarfin wuta, don kayan Japan ba sa ɗaukar wutarmu. Na hura kaset ɗin, na danna shi, na kunna. Allon ya yi toka-toka. Na cire, na sake hurawa, na mayar. Sai ga kiɗan nan, siriri, wanda rabona da jin sa a gaban wani mutum tun ina ɗan sakandare.

Gurbi uku, duka a cike. Maigida a sama. Fartanya a tsakiya. Fuska mai murmushi a ƙasa.

"Wanne ne shi?" in ji Mama.

Na nuna mata. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Wannan ai dariya yake."

"Shi ya zaɓa."

"Haka yake. Ko an mare shi dariya yake." Ta sa yatsa a kan allon. "Buɗe in ga inda yake."

Na buɗe. Ga ɗan mutumin Yohanna tsaye a bakin wata gada. Na san gadar. A nan muka tsaya ranar da motar kayanmu ta zo, na ce masa kada ya haye sai na dawo hutu. Na'urarsu ta yi shekaru tana aiki bayan tafiyata, na sani. Bai haye ba.

Na miƙa wa Mama hannun gem ɗin na nuna mata inda za ta danna. Ɗan mutumin ya yi taku biyu hagu, ya juyo ya fuskance mu. Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Sai janareto ya yi tari, ya yi shiru. Allon ya mutu.

"Yi haƙuri Alhaji, fulogi ne, yanzu zan tayar," in ji mai shagon, ya fita da gudu. Yatsana yana kan maɓallin sake farawa, na danne shi da ƙarfi, bayan lokacin dannawa ya wuce. Da wuta ta dawo ban kunna ba. Na zare kaset ɗin na mayar cikin safa.

"Ya isa," in ji Mama tana goge fuska da gefen zani. "Na gan shi. Ka riƙe mini shi da kyau, Bashiru. Kada ka bari ya goge."

Na ce, "To, Mama."

Na ɗora ta a mota, na tsaya har suka sha kwana. Ni ban samu tawa ba sai washegari, na kwana a wani masauki bayan tasha, ɗaki da katifa da buta. Ban buɗe jakar ba.

Gida

Dawowa ba abin labari. Daji ɗaya, shiru ɗaya, sojan Buruku ma ba shi ne a bakin aiki ba. Na shiga Rigasa ana kiran azahar. Matata ta yi hamdala, ta kawo ruwa, ta dubi fuskata ta fasa tsokanar da ta shirya.

Bayan na yi salla na shiga shago na rufe ƙofa, na haɗa na'urar da batirina mai kyau wanda ba ya yankewa. Kiɗan ya tashi. Gurbi uku, duka wayam.

Ba na jin haushin mai shagon caji, kuma da za a mayar da ni gaban janareton nan da Mama a bayana, zan sake kunnawa. Amma abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don duk duniya ni da ita ne kawai muka ga gadar nan, ita kuma tana can tana ganin har yanzu yana tsaye a bakinta.

Gem ɗin ya nemi suna. Na juya kaset a raina, na tuna rubutun baya, na lalubo haruffan Maigida ɗaya bayan ɗaya na sa shi a sama, tunda shi ya riga mu. Na sa fartanya a tsakiya. Na sa mai murmushi a ƙasa, na buɗe shi. Ga shi a ƙauyen farko, ba takobi ba komai. Daga nan zuwa gadar tafiya ce mai nisa, kuma na manta rabin hanyar. Zan kai shi, in tsayar da shi a inda uwarsa ta bar shi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Ɗanjuma mai mashin, da direbobin da ke bin wannan hanya kullum. Mama ta kira da yamma ta ce ta sauka lafiya, ta tambaya ko yana nan. Na ce yana nan, yana hanya.