Na Wajen Goggo

A unguwarsu a Baure, duk wanda ya iya rubuta sunansa da boko, hannun Malama Yelwa ne ya fara kama nasa ya ɗora a kan allo. Aji ɗaya take koyarwa tun tana amarya, kuma ba ta taɓa neman a ciyar da ita gaba ba. Sabbin shiga ne nata, masu majina da kukan a mai da su gida. Ta share wa wannan hanci, ta ba wancan ƙuli-ƙuli, kafin wata ya zagayo sun fara ƙirge da murafen kwalba. Sauran malamai gudun ajin nan suke yi. Ita kuwa in aka yi dogon hutu har ramewa take yi.

Bafulatana ce, a ruga aka haife ta. Da aka ce kowace ruga ta ba da yaro don boko, ubanta ya duba ya ga mazan suna da kiwo, sai ya miƙa ta don a ƙyale shi. Wannan miƙawar ce ta kai ta kwalejin horon malamai mata, ta fito da takardar Giredi Tu, wadda a wancan zamani ko dagaci ya ga mai ita sai ya gyara zama. Ta auri Audi mai fataucin shanu, Allah ya ji ƙansa. Ɗansu na fari ana yaye shi, uwar Audi, wadda kowa ke kira Goggo, ta goya abinta ta tafi da shi, kamar yadda aka saba.

Kunyar ɗan fari kowa yana yi, amma ta Yelwa ta wuce misali. Sunan yaron Abbas, sai dai ba a taɓa jin sa a bakinta ba. "Na wajen Goggo" take cewa. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Adda, ina kwana," sai ta amsa wa bango. Ranar da ya karye a wajen ƙwallo tana jin kukansa ta ci gaba da tankaɗe, sai da kowa ya watse ta shiga ɗaki ta yi nata kukan. Ko a aji aka kawo mata mai wannan suna, Ɗanlami take laƙaba masa, ko da ranar Talata aka haife shi. Mata suna yabonta a kan haka, ita ma tana jin daɗin yabon.

'Yan shekaru bayan an ƙaddamar da shari'a, sanarwa ta zo cewa Giredi Tu ta daina aiki. Duk mai son ya ci gaba da riƙe alli sai ya kawo takardar NCE, wadda ke gaba da ita, aka kuma yanka wa'adi. A lokacin furfura ta fara leƙowa a goshin Yelwa. Ba ta yi gardama ba. Ta shiga karatun ƙarshen mako a Daura tare da Malama Lami, abokiyar aikinta mai aji huɗu, wadda bakinta ba ya hutawa. Kowace Asabar su hau mota su tafi, su zauna a layin mata ta gefen taga, maza na ɗaya gefen. Darasin tarbiyya kamar shan ruwa ne a wurinta, Turanci ma ta lallaɓa ta wuce. Har ta fara jin daɗin zama ɗaliba.

Sai aka zo lissafi. Ƙofa ta buɗe, malami ya yi sallama, Yelwa ta ɗaga kai ta ga na wajen Goggo riƙe da alli. Ya yi digiri, yana koyarwa a wata sakandaren kwana ta maza a Mai'aduwa, ya karɓi aikin Asabar ɗin nan ba tare da ya san ajin da za a ba shi ba. Shi ma sai da sallamar ta sarƙe masa. Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta kafa wa yatsun ƙafarta ido. Shi kuma ya juya wajen maza, bai ƙara waiwayar layin taga ba har zangon ya ƙare.

Haka suka yi ta yi. Muryarsa tana shiga kunnenta, amma ba abin da ke zama, don duk hankalinta yana kan kada wani ya kama ta tana kallonsa. Ga shi lissafin ba na murafen kwalba ba ne. An cusa haruffa cikin lambobi, kuma wai in lamba ta tsallaka ɗaya gefen, tarawa sai ta koma ɗebewa. Me ya sa? Yaro ɗan aji ɗaya da ya ɗaga hannu ya tambaya. Ita ba hali. Takardun jarrabawa can wani gari ake kai su a duba, ba ruwan masu dubawa da wanda ya haifi wani. Ta faɗi. Ta sake zama, ta sake faɗuwa.

Saura mata dama ɗaya, kuma a shekarar wa'adin zai cika. Hedimasta ya kira ta, yana ta sosa ƙeya, ya ce shi ba yadda zai yi. Aka turo wata yarinya mai sabuwar NCE, aka aje mata kujera a bayan aji ɗaya, wai tana koyon aiki. Yelwa ta san abin da take jira. Abinci ya daina shiga. Ba inda ba ta buga ba: ta je wurin wani malamin sakandare a Baure ya zazzago mata Turanci ya sallame ta, ta sha rubutu har cikinta ya ƙulle, ta haddace misalai kamar karatun allo, amma da an sauya lamba ɗaya sai komai ya watse. Tsoro take ji, tsoro na gaske, na wayewar gari ba inda za ta.

Lami ce ta gaji ta fasa mata. "Yaya Yelwa, wai ke kika haife shi ko shi ya haife ki? Duk ajin nan ba wanda bai gane a hannunsa ba sai ke. Ki ce masa Malam mana, ai ba sunansa ba ne."

Yelwa ta yi fushi, ta ce Lami ba ta da ta ido. Amma maganar ta zauna mata. Mako guda tana gwada kalmar a bakinta, tana shara tana faɗa, tana ba awaki dusa tana faɗa. Ranar Asabar ta shiga aji, ta zauna a bencin gaba.

Malami bai zo ba. Shugaban cibiyar ne ya leƙo ya ce Malam Abbas ya ajiye ajin, kuma ba a sami madadinsa ba tukuna. Dalilin da ya bayar shi ne akwai wadda tsayuwarsa a gaban allo take hana ta karatu, gara ya matsa ko ta samu ta wuce. Ba wanda ya kalli Yelwa, wannan ya fi kallon ciwo. Daga layin maza wani ya yi tsaki ya ce jarrabawa ta ƙarato, an bar mutane da iyali a rana saboda kunyar gidan wasu. Ashe shi ma irin tata kunyar ya yi, ya kuma kashe ta da ita.

Ranar Litinin, karon farko a rayuwarta, ta bar aji ɗaya a hannun wata. Ta miƙa wa yarinyar nan alli da hannunta, ta fita ba ta waiwaya ba, ta hau motar Mai'aduwa.

A ƙofar makarantar ta tarar da maigadi, wani dattijo mai suna Mati, wanda ya ɗauki aikinsa da zafi. Ta ce malamin lissafi take nema. Ya ce suna da yawa, wanne? Ta ce dogon nan na Baure. Ya ce shi ba ya aiki da tsawo, ta faɗi suna. Ta sake cewa dogon nan na Baure. Mati ya ƙare mata kallo ya ce doka ce, mace ba ta shiga wajen malamai sai matar mutum ko muharramarsa, wadda ba ta san ko sunan mutum ba kuwa ba ta da abin yi a ciki.

Ta daɗe a tsaye cikin rana. Can dabara ta zo mata, ta tsuguna ta ɗauki tsinke ta rubuta sunan a ƙasa, da kyakkyawan rubutun nan nata na allo. Mati ya leƙa ya ce, "Hajiya, ni ban yi boko ba."

Nan ne ƙwalla ta zo mata. Ta tuna yaran ajinta can suna kallon baƙuwar fuska, ta tuna gobe da jibi haka za su yi ta kallo har su saba. Ta miƙe, ta kama ƙarfen ƙofar da hannu biyu.

"Abbas," in ji ta. "Ɗana ne. Ni na haife shi."

Mati bai san nauyin abin da ya ji ba. Ya juya ya ƙwala kira har ƙarshen fili, cewa Malam Abbas ya fito ga mahaifiyarsa, ta ce ita ta haife shi. Abbas ya fito da gudu ba hula, ya zube a gabanta, don abu ɗaya kawai ya san zai iya kawo ta.

"Adda, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Ajina za a karɓe."

Ya kai ta wani aji da babu kowa. Ta zauna a bencin gaba ta buɗe littafinta, ya tsaya a allo. Ya rubuta lissafin, ya fara bayani ƙasa-ƙasa, fuskarsa a jikin allo kamar yadda ya saba, ya kai ƙarshe ya tsaya yana jira.

"Juyo ka dube ni," ta ce. Ya juyo a hankali, idonsa ya yi ja. Ta dube shi sosai, har ta ga ashe shi ma ya fara sanƙo. "Ban gane ba. Sake."

Ya sa hannun rigarsa ya goge allon, ya faro daga farko.