Garwashi a Ƙofar Gida, Tanki a Buɗe

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, bayan mun dawo daga sallar la'asar. Mu biyu ne a ƙofar gidana a Yammedi, ni da ƙanena wanda ya koyi kanikanci a Karaye. A cikin gida akwai matata mai jego, da mahaifiyarta, Inna, da ta zo daga Beli don yi mata wanka.

Motar da muke aiki a kanta ba kamfani ya yi ta ba. Mu muka haɗa ta: ƙashin tsohuwar akori-kura, inji na hannu ɗan kwatano, tankin wata motar daban. Tana tafiya, amma da zarar mai ya yi ƙasa da rabi sai ta kama shaƙewa. Famfon da ke cikin tankin ƙarami ne, ƙarfen da yake rataye a jiki kuma gajere, bai kai gindin tankin ba. Sai ya riƙa zuƙo iska. Muka sayo babban famfo da dogon mariƙi, muka sa ranar canzawa.

Ni ba na aiki sai da tsari. Da farko na cire kan batir. Na biyu muka zuƙe fetur da tiyo, jarka ta cika, ragowar muka zuba a daro muka ajiye gefen zaure. Na uku, tun kafin mu tafi masallaci na shiga na gaya wa matata kada a hura wuta sai mun gama, na kuma ce ta gaya wa Inna. Ta ce to, idonta a lumshe. Na ɗauke ashanar gidan na sa a aljihu.

Inna ban yi mata magana ba, don ba ma yi. Tun da na auri 'yarta, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, daga nesa, ina durƙushe. Idan muka yi kiciɓis a hanya ta kau da kai, ni ma na kau.

Ƙanena ya buɗe murfin da muka yanka a bodin motar, ya zaro tsohon famfon, ya kwanta rub da ciki ya zura hannu cikin tankin har kafaɗa yana kwaso datti. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da fetur. Wari ya cika wurin.

"Yaya, wannan tankin naka gona ce," ya ce. "Da ka shuka gyaɗa a ciki da ta fito."

"Yi aikinka."

"To miƙo min tsumma, ranka ya daɗe."

Na juya zan ɗauko tsumma, sai na hango Inna. Daga gidan maƙwabta ta fito, tana riƙe da murfin kwano, garwashi ja-wur a kai. Ashe lokacin dafa ruwan wanka ya yi, ta nemi ashana ta rasa, 'yarta tana barci, sai ta fita ɗibar wuta muna masallaci. Hanyarta ta komawa ɗaya ce: tsakanin motar da bangon zaure, inda daron fetur yake.

Na yi gyaran murya. Ta ji, ta ɗauka ina sanar da ita ina wurin ne. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuska, ta ƙara sauri don ta wuce ta ba ni wuri.

Na sake yi da ƙarfi. Ta ƙara sunkuyar da kai.

Iska tana busowa daga bayanta. Na ga tartsatsi ya tashi daga murfin ya mutu a ƙasa. Ƙanena bai ga komai ba, fuskarsa na kan ramin tankin, yana ta surutunsa. Da na ce ya tashi, ta gefenta zai diro da rigar nan.

"Inna! Tsaya nan!"

Ban taɓa jin muryata haka ba. Ta tsaya cak, garwashin ya gangaro bakin murfin. Na isa gabanta, na cire hulata na kifa a kai, na karɓe murfin daga hannunta. Yatsuna sun taɓa nata. Na juya na yi tafiya har bayan masallaci, ban yi gudu ba don kada iska ta hura. Hular tana hayaƙi, tafin hannuna yana ci. Can na zubar na taka da takalmi, na tura ƙasa a kai.

Da na dawo, ƙanena yana zaune a bodin motar ya yi tsuru, ba wasa a bakinsa. Inna tana nan inda na bar ta, tana kallon daron. Na durƙusa, kaina ba hula.

"Ki gafarce ni, Inna. Fetur ne."

Ta raɓa bango ta shige.

Ranar ba mu ƙara taɓa komai ba. Muka rufe tankin, muka tura motar zuwa fili bayan gari, muka kai daron can. Sai da warin ya baje na aika da ashanar ciki. Washegari muka sa sabon famfon, ƙanena ya gwada tsawon mariƙin har matatar famfon ta kusa taɓa gindin tanki, ya ɗaure tiyo da waya, ya sa robar murfi. Ni da hannu ɗaya nake miƙa masa sifana. Motar ta je Rogo ta dawo da ɗan mai kaɗan, ba ta shaƙe ba.

Da yamma matata ta kawo min man shanu a ƙoƙo, ta ce Inna ta ce in shafa.

"Ta yi fushi?" na tambaya.

"Ta ce me ya hana ka gaya mata tun farko, kana da baki."

Har yau daga nesa muke gaisawa, haka ya kamata. Tabon yana tafin hannuna na dama.

Kai mai karatu, in za ka buɗe tankin mota, roƙona gare ka shi ne: fitar da ita daga ƙofar gida. In kuwa dole a nan za ka yi, to ka bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya ka gaya musu da bakinka, ka fara da wanda ka fi jin kunya.